Yayana Yana Son In Sayi Tsohuwar Kyamararsa, Maigida Kuma Ya Ce Waya Ta Isa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina zaune a Agege, ina sana'ar atamfa da leshi tare da gwaggona. Kusan duk bayan wata biyu muna zuwa Kwatano ko Lome saro kaya, kuma ina zuwa Kano sau biyu ko uku a shekara. Tun ina yarinya nake sha'awar hoto, kuma na gaji da yadda wayata ke ba ni kunya da zarar magariba ta kawo jiki ko abin da nake son ɗauka yana nesa. Na kwashi adashina na shekara guda da niyyar sayen kyamara ta gaske, amma ban san komai a kanta ba. Yayana mai ɗaukar hoton biki ne, ya ce in sayi tasa, Canon 5D Mark III da gilashinta 24-105, zai yi mini ragi domin yana son ya canza wata, kuma a cewarsa ƙananan kyamarori kayan wasan yara ne. Maigidana kuwa ya ce waya ta ishe ni, gara a ƙara kuɗin a jari, ga kuma lokacin biyan haya yana tafe. Na je wani shago a Ikeja, mai shagon ya jero mini sunaye har kaina ya yi ciwo. Ina jin nauyin Yaya, ba na son ɓata wa maigida rai, kuma ba na son kuɗina ya tafi a banza. Yaya zan yi?

Daga wata 'yar kasuwa, Agege

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a sana'arki da iyalinki. Macen da ta daure shekara guda tana zubi don wani buri da take ɗauke da shi tun ƙuruciya ba ta cancanci a ɗauki burin nata kamar wasa ba, kuma ni ban ɗauke shi haka ba. Zan fara da maigidanki, domin maganarsa ce za ta nuna ko akwai ciniki a yanzu ko babu.

Akwai gaskiya a abin da ya faɗa, kuma zai fi miki sauƙi idan kika amince da ita tun farko. Wayoyin zamanin nan suna ɗaukar hoto mai kyau da rana tsaka, kuma kyamarori da yawa da aka saya cikin ɗoki suna kwance a cikin sif, ba a fito da su sai ranar suna. Sannan ke ma kin san halin haya a Legas: na shekara ake biya a dunƙule, mai gida kuma ba ya sauraron uzuri. Saboda haka ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki tambaye shi kai tsaye ko lissafin hayar bana ya dogara da kuɗinki. Idan ya dogara, shawarata ki ɗaga sayen zuwa kwasa ta gaba, domin ba za ki ji daɗin riƙe kyamarar da duk ranar da aka fito da ita sai an tuna da takardar mai gida ba. Idan kuwa bai dogara ba, to kuɗin adashinki haƙƙinki ne, abin da ya rage shi ne ladabin shawara: ki faɗa masa iyakar abin da za ki kashe, ki nuna masa cewa ba duka za ki zuba ba, ragowar kuma ta koma jari. Ki guji sanya wa sha'awar rigar kasuwanci don ya yarda. Gaskiya ne kyamara za ta fito da launin atamfa da zanen leshi fiye da waya, kuma masu saye ta WhatsApp za su ga bambanci, amma idan kika ce don kasuwa kawai kike so, ranar da ciniki bai ƙaru ba za a tambaye ki ina riba. Ki ce masa kina son hoto, kuma za ki fara da hotunan 'ya'yansa.

Inda ba na tare da shi shi ne batun cewa waya ta isa. Abubuwa biyun da kika ambata, wato ƙarancin haske da nisa, su ne ainihin inda waya ke gazawa, kuma dalilin a bayyane yake. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da ke karɓar haske, wanda masu sana'a ke kira sensa. Na yawancin wayoyi bai wuce farcen yatsa ba. Na kyamarorin da ake kira APS-C ya kai kusan milimita 23 da 15, na manya irin ta yayanki kuma milimita 36 da 24. Gwargwadon faɗin faranti, gwargwadon hasken da yake tarawa, shi ya sa hoton waya ke dusashewa da almuru alhali na kyamara yana nan garau. Game da nisa kuma, waya galibi yanko tsakiyar hoton take yi ta buɗa shi, kyamara kuwa gilashi ne ke jawo abin kusa da gaske. Kada mai shago ya ruɗe ki da yawan megafiksel, wato adadin miliyoyin ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. 24 ya ishe ki har ki buga hoto babba ki rataye a falo.

Yanzu ga batun Yaya, wanda na lura shi ya fi ci miki tuwo a ƙwarya. Bari in fara da yi wa kyamararsa adalci. Canon 5D Mark III ta fito a 2012, kuma ta yi shekaru tana cikin waɗanda masu hoton biki a duniya suka fi dogara da su. Har yau hotonta ba ya ba da kunya. Sai dai da batirinta tana da nauyin kusan giram 950, gilashin 24-105 kuma giram 670, jimilla sama da kilo ɗaya da rabi rataye a wuyanki. Ki auna wannan da irin tafiyarki: motar Mile 2 zuwa iyakar Seme, sauka da hawa a shingayen bincike, ɗan acaɓan Kwatano mai rigar ɗorawa yana ratsa cunkoso da ke, sannan yini guda a kasuwa kina riƙe da jakar kuɗi kina lissafin dila. A tafiya ta farko za ki ɗauke ta da zumuɗi, a ta biyu da haƙuri, a ta uku kuwa za ki bar ta a gida. Ga shi babbar kyamara tana jawo ido. A titin Legas, da an gan ki da ita wasu za su ɗauka 'yar jarida ce ko mai shirya fim, yaran unguwa kuma su zo neman nasu kaso. Bugu da ƙari ba ta da hanyar tura hoto zuwa waya a jikinta, sai kin nemi kwamfuta ko na'urar karanta kati, allonta kuma ba ya juyawa.

Akwai wani abu da ya fi nauyi muhimmanci. Kyamarar da ta yi shekaru tana cin biki ta sha aiki, domin mai hoto yana iya ɗaukar hotuna sama da dubu a yini ɗaya. A cikinta akwai marufin da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma kamfanin ya ƙiyasta wa na wannan samfurin bugu 150,000. Wasu suna wuce haka nesa, wasu ba sa kaiwa, amma ana iya duba adadin a kwamfuta kamar yadda ake duba tafiyar mota. Idan marufin ya mutu wata uku bayan ciniki, wa za ki tuhuma? Ba za ki iya mayar wa yayanki kaya ba, shi ma ba zai ji daɗin ganinki a gidan gyara ba, sai abu ya zauna a zukata ana gaisawa sama-sama. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin kada ki saya.

Ban ga alamar yayanki yana son cutar da ke ba. Da ma'aunin sana'arsa yake auna bukatarki: shi yana shiga zauren biki mai duhu, ana biyansa, kuma kuskure ɗaya zai iya raba shi da abokin ciniki, saboda haka a idonsa duk abin da bai kai tasa ba wasa ne. Yana kuma bukatar kuɗi don ya canza, wannan ma ba laifi ba ne. Hanyar da za ki fita ba tare da kin ce masa a'a da baki ba ita ce ki roƙe shi aron kyamarar na yini ɗaya a ranar da ba shi da aiki, ki shiga da ita kasuwa tun safe har la'asar. Gani ya kori ji. Idan kika dawo kafaɗarki lafiya kuma zuciyarki na sonta, to ku duba adadin bugun tare, ku yi ciniki a fili, ku rubuta. Idan kuwa abin ya kasance yadda nake zato, sai ki ce masa: "Yaya, wannan ta fi ƙarfina, ta ƙwararru ce irinku, ni dai ka raka ni in zaɓi daidai ni, ka kuma koya mini." Da wuya babban wa ya ji haushin ƙanwar da ta mayar da shi malaminta. Tasa kuma ba za ta rasa mai saye ba a cikin yaran da ke koyon hoton biki, waɗanda ita ce daidai da aikinsu.

To me za ki saya? Ki nemi ƙaramar kyamara marar madubi mai farantin APS-C, tare da ƙaramin gilashin da ake haɗo ta da shi. Tsofaffin da ake kira DSLR suna da madubi a ciki wanda ke ƙara musu girma. Kamfanoni yanzu sun karkata ga marasa madubi, waɗanda kuma ke nuna miki yadda hoton zai fito tun kafin ki danna, abin da ke sauƙaƙa koyo ƙwarai. Da ni ce a matsayinki, Canon EOS R50 zan fara dubawa. Ta fito a 2023, nauyinta da batir giram 375 ne, da gilashinta 18-45 kuma ba ta wuce rabin kilo da kaɗan ba, tana shiga jakar hannu, tana gane ido ta bi shi ko yaro yana gudu, tana kuma tura hoto zuwa waya. Dalilina na biyu na gida ne: da wani ɗan zobe da ake kira adafta, gilasan yayanki za su hau kanta, maɓallanta kuma ba za su zame masa baƙi ba idan ya zo koya miki. Sony a6400 da Nikon Z50, waɗanda duka suka fito a 2019, ba su gaza ta ba. Sony tana da yalwar gilasai na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi, Nikon kuma tana da daɗin riƙo. Ki riƙe kowacce a hannunki a shago, domin wadda ta zauna miki a tafi ita za ki fi fita da ita.

Abu biyu za ki kiyaye. Kada ki sayi wadda ba ta da tagar leƙe, wato ɗan ramin da ake kanga ido a kai, irin su Sony ZV-E10 da Nikon Z30. An yi su ne don masu ɗaukar bidiyon kansu, kuma a ranar Kano ta ƙarfe ɗaya ba za ki ga komai a allo ba. Haka nan za a iya nuna miki Canon M50 da farashi mai jan hankali; kyamara ce mai kyau, amma kamfanin ya daina wannan layin, gilasanta kuma ba sa hawa sababbin, saboda haka hanya ce da ba ta ɓullewa. Idan kuɗin bai kai ba, ko kika ga ya dace ki bar kaso mai tsoka a jari, tokumbon Nikon D3500 ko Canon 250D za su koya miki duk abin da ake koya. Suna da madubi amma ba su da nauyi sosai, kuma batirin D3500 an ƙiyasta masa hotuna 1,550 a caji ɗaya, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga matafiyi a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama.

Gilashi ɗaya ya ishe ki wata shida na farko. Bayan nan hotunanki da kansu za su faɗa miki abin da ya rage: idan fuskokin mutane da hasken yamma suka fi jan ki, sai ki ƙara gilashin da ake kira 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha kuma yana narkar da bayan hoto. Idan kuwa dawakin Hawan Daushe kike son jawowa daga nesa, sai ki nemi dogo irin 55-210.

Kada ki kashe wa kyamarar da gilashinta fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da kika ware, domin akwai tarkacen da dole ne. Marasa madubi suna shan batir, yawancin ƙananan nan hotuna 300 zuwa 400 suke yi, don haka batir na biyu wajibi ne. Ki sayi katin ajiya biyu masu gigabait 64 maimakon babba guda ɗaya, saboda idan ɗaya ya lalace ko ya ɓata, rabin tafiyar na nan. Jaka kuma ki zaɓi wadda ba ta yi kama da jakar kyamara ba. Akwai 'yar aljihu mai soso da ake sakawa a cikin jakar mata ta yau da kullum, ita ta fi dacewa da mai shiga danfo. Ranar da za ki bi jirgi zuwa Kano, batiran da ba sa cikin kyamara a jakar hannu ake riƙe su, ba a yarda a saka su a kayan da ake aunawa ba.

Wajen saye kuwa, da ɗan gari kan ci gari, kuma a nan ne yayanki zai yi miki rana. Ko Computer Village kuka je a Ikeja ko shagunan kyamara na Tsibirin Legas, ku shiga shago mai mazauni, kada ku bi masu tare mutane a bakin titi. Farashi yana bin canjin dala, saboda haka ku tambayi shago uku a rana ɗaya kafin ku tsaya. Idan sabuwa ce, a buɗe kwalin a gabanki, lambar jikin kyamarar ta dace da ta kwali, a rubuta ta a rasit tare da sharaɗin garanti. Idan tokumbo ce, ki je da katinki, ki ɗauki hoton farar takarda ko farin bango da ƙofar haske (ramin da haske ke bi a cikin gilashi) a tsuke, ki buɗa hoton ki duba ko akwai ɗigo ko layi. Ki haska fitilar waya ta cikin gilashin ki ga ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo, wanda fumfuna ce. Ki danna kowane maɓalli, ki juya kowane abin murzawa, ki kuma nemi a ba ki kwana biyu ko uku na gwaji a rubuce. Kati da batir su ne aka fi yi wa jabu a kowace babbar kasuwar lantarki, kuma araha ba ta ado, don haka idan farashinsu ya faɗi ƙasa da hankali ki bar su.

Rayuwarki tsakanin yanayi biyu take, kuma kowanne yana da nasa sharrin ga kyamara. Danshin Legas, musamman da damina, shi ke haifar da fumfunar da na ambata, wadda idan ta daɗe takan ci fuskar gilashi. Kada ki ajiye kyamara a cikin sif tsakanin tufafi ko a jakar fata. Ki samu roba mai murfin da ba ya shigar da iska, ki zuba ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ki riƙa sabunta su. A Arewa kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, kuma marar madubi da an cire gilashi farantinta a buɗe yake. Ki canza gilashi a cikin ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa, ki kuma riƙe ɗan famfon roba na hura iska. Kada ki hura da baki, kada ki goge da gefen mayafi. Ƙananan kyamarorin nan yawancinsu ba a yi su don ruwa ba, saboda haka leda mai kauri ta zauna a jakarki daga watan Afrilu har damina ta wuce.

Sai ladabin ɗauka, wanda matafiyi ya fi kowa bukatarsa. A kan iyaka, a shingen sojoji ko 'yan sanda, da cikin filin jirgi, kyamara ta zauna a jaka. Babu hoton da ya kai a tsare ki da kayan gwaggo a mota. A kasuwa ki yi sallama, ki yi ciniki ko hira, sannan ki nemi izini, kuma idan aka ce a'a ki yi murmushi ki wuce. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda addini, akwai matan da mazajensu ba za su so ba, akwai kuma masu zaton sayar da hoton za ki yi. A marinar Ƙofar Mata da wurare irinta da suka saba da baƙi, a kan sa ran ɗan ihsani, ki tanadi canji. Ke kina da wata dama da baƙon Bature mai kyamarar miliyoyi ba shi da ita: matan da kike saro kaya a wajensu sun san ki shekara da shekaru, za su saki jiki a gabanki, idan kuma kika wanko hoton kika kai musu a tafiya ta gaba, ƙofa ta buɗe ke nan.

Kada tafiyar Kwatano ta zama ranar farko da za ki kunna ta. Ki yi mako biyu kina ɗauka a gida da unguwa a tsarin da kyamara ke saita kanta, sannan ki koma tsarin da aka rubuta Av a Canon ko A a sauran, inda ke ce ke zaɓen faɗin ƙofar haske ita kuma ta daidaita sauran. Ki fita da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da haske ke da taushi, ki riƙa kwashe hotunan kowace rana zuwa waya kafin ki kwanta. Duk ranar Juma'a ki zaɓi guda biyar kacal ki tura wa Yaya ya yi miki gyara, kuma ki shirya jin suka, domin masu hoton biki ba su iya lallashi ba. Hoton farko da ya fito da kyau na yaran, ki kai a wanke shi a saka a firam, ki ajiye a inda maigida ke zama ya sha shayi.